Turken Birnin Ma'auna

Akwai wani birni da ba ya kan tudu, ba ya cikin kwari, ayarin fatake ma bai taɓa yada zango a ƙofarsa ba. Birnin Ma'auna ake ce masa. Aljanu ne mazauna cikinsa, kuma duk faɗinsa da tsawon sorayensa a jikin turke ɗaya tak yake rataye. Bil'adama biyu na san sun shige shi, wa da ƙane, magina ne mutanen Kwarin Marke.

Nomau ne babba, Cindo ƙarami, uwa ɗaya uba ɗaya. Ginin rumbu suka gada. Nomau irin mutanen nan ne masu sanyi, sai ya yini bai ce uffan ba. Shi kuwa Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun dama, kai ka ce ƙaiƙayi aka zuba masa a tafin ƙafa. Bai yi aure ba, bai da ɗakin kansa, a zauren wansa yake kwana.

In za su fitar da gindin rumbu, Nomau ne ke kafa turke, ya durƙusa ya riƙe shi da hannu biyu. Cindo ya zarga igiya a turken, ya ɗaure ƙusa a ɗaya bakin, ya ja ta miƙe, ya zagaya yana zana ƙasa. Magina na da doka guda tun kaka da kakanni: ba a rufe zagaye da mutum a ciki. In saura taki ɗaya layi ya haɗu, sai mai igiya ya tsaya ya ce, "Fito, mai turke." Sai ya fita ta wannan gurbi, sannan a ƙarasa.

Ran nan da hantsi suna aiki a bayan gari, an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Igiya ta miƙe sambal, ƙusa na tafiya kamar ana jan ta, ko gargada babu. Cindo bai taɓa zana abu mai kyan wannan ba. Daɗi ya kwashe shi, kai jama'a, ya manta da dokar kakanni ƙaf, ya haɗe bakin layi da bakin layi.

"Yaya, dubi wannan!" in ji shi, ya waiwayo.

Ba Nomau, ba turke. Sai zargen igiya yashe a ƙasa.

Aka nema har aka gaji. Gari ya ɗauka Cindo ne ya yi wa wansa wani abu, don su biyu ne a wurin. Ba wanda ya faɗa masa a ido, amma aka daina kiransa aiki, kuma ko da kuɗi ba mai yarda ya riƙe masa turke. In ya zauna a majalisa sai kowa ya tuna da wani uzuri. Hansai, matar Nomau, wadda ya bari da ciki, ta haifi 'ya mace aka sa mata Yalwa. Ita ba ta taɓa zarginsa ba, ba ta kuma taɓa ce masa komai ba. Takan ajiye masa tuwo a bakin zaure ta juya. Wannan shirun ya fi zagi ci masa rai.

Shekara huɗu saura wata biyu, ta tsaya a bakin zauren, ba ta juya ba.

"Cindo, in shekara huɗu ta cika, alƙali zai ce in yi takaba. 'Yan'uwana sun matsa. Jiya Yalwa ta tambaye ni kalar babanta, na rasa abin da zan ce mata."

Da gari ya waye Cindo ya ɗauki igiyar nan, da gorar ruwa, da ɗan ƙuli-ƙuli a burgami, ya nufi bayan gari. Zagayen na nan yadda ya bar shi, damina huɗu ba ta share shi ba, ciyawa ba ta taɓa tsallaka layin ba. Ya shiga, abin da tsoro ya hana shi yi duk shekarun nan. A daidai inda turke ya tsaya sai ya ga ramin kurkudu, ɗan ƙwaron nan mai haƙa rami kamar mazurari a cikin rairayi. Ya durƙusa ya ce, "Assalamu alaikum, ko da kowa?"

Rami ya buɗe. Ƙasa ta zame da shi, ya yi ta gangarawa har ya dira gaban wani kurkudu mai girman bijimi, ƙahonnin bakinsa kamar lauje biyu.

"Ya kai ɗan yumɓu," in ji kurkudun, "kai ne ka buɗe ƙofar da ta shekara ɗari uku a rufe. Me ya dawo da kai?"

"Ranka ya daɗe, yayana na zo nema."

"Yana Birnin Ma'auna. Tsakaninka da shi ƙasa uku, kuma ba mai raka ka. Ƙofata da baya ake shigarta, yadda nake tafiya. In ka shiga da gaba, kai ne kalacina."

Cindo ya juya, ya ba wa ƙahonnin nan baya. Ya yi ta ja da baya yana jin hucin dabbar a ƙeyarsa, har ya ji rairayi ya ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da ya juyo sai ga shi a ƙasar ƙudan zuma. Gari ne na kaki, rawaya fes, bango bisa bango har inda ido ya gaza, kowane ɗaki kusurwa shida, ba wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. A wasu ɗakunan ya hango mutane a tsaye an toshe su da kaki, idanunsu a buɗe. Dakarun zuma masu girman raguna suka kewaye shi, suka kai shi gaban sarauniyarsu.

"Ya kai baƙo," in ji ta, muryarta na sa kaki rawa, "ba a ratsa ƙasata sai an biya da sani. Ga daɓe. Zana mini zagaye, ka raba gefensa shida daidai wa daida, ba sandar awo. In ka kuskure da faɗin gashi, akwai ɗakin da ke jiranka."

Cindo ya dubi daɓen, ya dubi igiyarsa, sai hawaye ya cika masa ido. Ba wuyar aikin ba ce. Tun da yake bai taɓa zana zagaye babu mai riƙe masa tsakiya ba. Ya share ido, ya naɗe igiyar ta koma kamu ɗaya, ya danne zargen da ɗan yatsansa na shida, ya juya ƙusa da hannun hagu har layi ya haɗu. Sannan bai ƙara tsawon igiyar ba bai rage ba, ya dasa bakinta a kan layin, ya yi alama inda ta kai, ya ɗaga ya dasa a kan alamar. Sau shida, ta dawo cif inda ta fara.

"Haka muke jera duwatsun gindin rumbu, ranki ya daɗe. Igiyar da ta haifi zagaye, ita ke raba shi shida."

Sarauniya ta ce, "Wa ya sanar da kai?"

"Yayana. Shi kuma babanmu."

"Mu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. A ƙirji Mai Halitta ya zuba mana shi. Ashe ku ma an ɗan sam muku. Wuce, ɗan yumɓu."

Ƙasa ta biyu itace ce guda ɗaya, wani gamji wanda rassansa su ne hanyoyi. Kowane reshe ya rabu biyu, kowane biyu ya sake rabuwa, ƙasa kuwa ba a hango ta sai hazo. Ba tsuntsu, ba ƙadangare, ba wanda za ka yi wa sallama. Kwana goma sha ɗaya Cindo na bi yana dawowa, duk reshen da ya ɗauka sai ya sirance ya bar shi a kan tsinke yana lilo. Ƙuli-ƙuli ya ƙare. Kaɗaici ya ishe shi har ya fara hira da igiya, yana ce mata, "Ke kin san Yaya, a turkensa ake zarga ki. In ke ce ina za ki bi?"

Ran na sha biyu ya zauna ya tsinko ganye don ya tauna. Ya ɗaga shi a rana, sai ya ga jijiyoyinsa: babba ɗaya a tsakiya, ƙanana na fita daga gare ta, su ma suna rabuwa. Ya dubi ganyen, ya dubi rassan da ke gabansa. Wallahi zane ɗaya ne, an dai rubuta shi babba, an kuma rubuta shi ƙarami. Shi da ke ta bin inda hanya ke rabuwa, ashe inda take haɗuwa ya kamata ya nufa. Ya juya, duk mararrabar da ya iske sai ya bi ɓangaren da ya fi kauri, kwana uku ya sauka a gindin itacen.

Nan ya tarar da ƙasa ta uku, wata katantanwa mai girman dutse, bakinta a buɗe kamar ƙofar gari. Ya shiga. Hanya ce fara sol mai santsi, tana murɗawa hannun dama, ba ta fasawa. Ba abin da yake ji sai takunsa da numfashinsa. Da ya gama zagaye na farko, sai ga wata 'yar ƙofa a bango, wani aljani kyakkyawa sanye da alkyabba kore yana tsaye a bakinta. Ta cikin ƙofar ana hango sorayen birni, kusa kamar ka miƙa hannu.

"Ya kai mai saurin ƙafa," in ji aljanin, "na ji tausayinka. Wannan hanya ba ta da ƙarshe, masu binta tsufa suke yi a ciki. Ga ta miƙe nan, taki arba'in ka ga ɗan'uwanka."

Ai kuwa har Cindo ya ɗaga ƙafa. Sai ya lura dokin ƙofar a karkace yake, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tun da ya faɗo ƙasashen nan bai ga abu ɗaya da ya saɓa awo ba sai wannan. Ya mayar da ƙafarsa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Ni magini ne, ba na shiga ƙofar da ba ta daidaita ba."

Ya wuce yana ƙirga taku. Zagaye na biyu ya zo rabin na farko, na uku rabin na biyu. Aljanin na fitowa a kowane zagaye, kullum muryarsa na ƙara zaƙi, ƙofarsa na ƙara karkacewa, har a na biyar Cindo ya hango ba sorayen komai a bayanta, rami ne baƙi ƙirin. Hanya ta yi ta matsewa. Ya sunkuya, ya koma rarrafe, ya yar da gora, ya yar da burgami, ya tuɓe riga, ya ja ciki da igiya a baki, har ya fito ta wata 'yar huda duk jikinsa a kuje.

Tsarki ya tabbata ga Allah! Birni ne a sararin sama, unguwa cikin unguwa, zobe cikin zobe, kowace unguwa na juyawa a hankali. Daga kowane soro igiya ta haske ta miƙe zuwa tsakiya. Aljanu dubbai na kai da komo, wannan na auna fiffiken fara, wancan na ƙirga 'ya'yan da ke cikin furen rana, wani na bin murɗin ƙahon rago da zare. Duk wanda ya gama awonsa sai ya ɗaga kai ya yi tasbihi, ya ɗauko wani. Ba wanda ya ko kalli Cindo.

Wani dattijon aljani mai gemu kamar harshen wuta ya tare shi.

"Ya kai ɗan Adamu, ni ne Zarƙalu, uban ma'auna. Na san abin da ya kawo ka. Ka sani ba mu halicci ko ƙafar sauro ba. Ubangiji ya sa ƙa'ida a jikin kowace halitta, mu aunawa muke muna gode masa, ibadarmu ke nan. A kan wannan ƙa'ida muka gina birninmu, kuma kowane zagaye sai da tsakiyar da ba ta motsi. Mu daga wuta aka yi mu, ba mu iya tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. Sai ɗan yumɓu. Wanda ya riƙe mana turke a da ajalinsa ya zo, birni ya fara watsewa, unguwa bakwai suka faɗa cikin iska da mutanensu. Sai kai ka rufe zagaye mara aibi da mutum a ciki."

"Kuskure na yi, ranka ya daɗe. Ku ba ni yayana."

"Ba mu ɗaure shi ba. In ya so ya saki. Amma turke ba ya zama ba hannu, ko na numfashi ɗaya. Wanda kuma ya fita, ya fita ke nan, ba ya waiwaye, ƙofar ba ta sake buɗe masa."

Aka kai shi tsakiya. Fili ne fetal, ba kowa, don zafin aljanu ba ya kusantar wurin. Ga Nomau durƙushe, hannu biyu a kan turkensu na gida, na itacen marke, rigarsa ma ita ce ta ran nan. Ko furfura ɗaya bai ƙara ba.

"Yaya!"

Nomau ya ɗago a hankali. "Cindo ne? Ka rame."

Shi ke nan abin da ya ce. Allah Sarki, mutumin da ya ratso ƙasa uku, ko a tashi a rungume shi. Cindo ya zube gabansa yana kuka yana neman gafara.

"Ba ka yi mini laifi ba," in ji Nomau. "Ba yunwa a nan, ba ƙishi, ba barci. Daga nan ina ganin komai, Cindo. Yadda ruwa ke rabuwa a fadama haka jijiya ke rabuwa a hannun jariri. Yadda guguwa ke murɗawa haka taurari ke murɗawa. Hannu ɗaya ne ya yi su duka. Kuma komai nisansa ɗaya da ni. Tururuwa da sarki, gidanmu da gidan wanda ban sani ba, ba wanda ya fi wani kusa. Koma gida abinka."

Ran Cindo ya ɓaci, ya miƙe tsaye.

"Nisansa ɗaya? To bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Hansai ta haihu, mace, sunanta Yalwa. Goshinka ne da ita sak, har shirun naka ta ɗauko. Kullum da la'asar takan zauna a dokin ƙofa, duk namijin da ya wuce sai ta bi shi da ido har ya sha kwana. Ran nan ta kama rigar mai tallan gishiri ta ce masa Baba, yara suka yi ta yi mata dariya. Kwana kaɗan ya rage alƙali ya sa uwarta takaba, kana nan da ranka. Ita ma nisanta ɗaya da tururuwa, Yaya?"

Leɓen Nomau ya motsa, ya ce, "Yalwa." Sai hannunsa ya yi rawa.

Birni ya girgiza gaba ɗaya. Igiyoyin haske suka yi ƙara, wani soro ya tsage can gefe, kururuwar aljanu ta tashi, mata da 'ya'ya. Nomau ya ƙanƙame turken, hawaye na zuba, amma hannun ya ƙi tsayawa.

"Ka gani?" in ji shi. "Yanzu ba zan iya riƙewa ba, ba zan kuma iya saki ba. Rayuka ne a wuyana, Cindo."

Cindo ya dubi ƙafafunsa, waɗanda tun yana yaro ba su taɓa yarda su zauna wuri ɗaya ba. Ya tuna zauren da yake kwana, ya lalubi mutum ɗaya a Kwarin Marke da zai zauna a dokin ƙofa yana jiransa, bai samu ba. Ya durƙusa, ya ɗora hannuwansa a kan na wansa.

"Zare naka a hankali."

"Kai da ba ka iya zaman cin tuwo? Ba ka san abin da kake ɗauka ba."

"Na sani. Zare, Yaya, lokaci na tafiya."

Nomau ya zare hannun hagu, ya zare na dama. Turke ya yi ɗan motsi, Cindo ya danne shi da ƙirji, ya cije. Girgiza ta lafa, unguwanni suka koma juyawarsu. Nomau ya dafa kan ƙanensa ya daɗe. Zarƙalu ya yi kira daga nesa cewa ƙofa ta buɗe, ba za ta jima ba.

"In Yalwa ta tambaye ka ina ka tsaya," in ji Cindo, "ka ce mata aiki ne ya riƙe ka. Ka kuma ce tana da baffa."

Nomau ya tafi. Cindo ya ga abin da aka ce zai gani, fadamu da jijiyoyi da taurari, duk a jere cikin tsari, kyan abin har ya fi ƙarfin ido. Ya ji yunwa ta sake shi, ƙishi ya sake shi, ya ji kewar ma tana neman sakinsa. Sai ya ƙi. Ya kafe idonsa a kan bayan mutum ɗaya da ke ratsa unguwanni yana ƙanƙancewa, yana fatan ko sau ɗaya ya karya doka ya waiwayo, yana kuma addu'ar kada ya yi.

Nomau bai waiwayo ba. Ƙofa ta rufe. Tafin ƙafar Cindo ya fara yi masa ƙaiƙayi, ba hannun da zai sosa, ya gyara durƙuso ya ƙara riƙe turken.